Ranar da Barira Ta Leƙa Rumbun Dabo

A shekara ta biyu ta farin nan na shekarun tamanin, wadda gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, ni Iliyasu ɗan koli na yi hantsi guda a cikin rumbuna ina kururuwa kamar akuyar da ta faɗa rijiya.

Wanda bai taɓa shiga rumbun ƙasa ba sai an yi masa bayani. Ƙofarsa a sama take, ƙarƙashin jinka. Idan yana cike, daga kan tsani za ka miƙa hannu ka zaro dami, ka sauko kana gyaran murya don maƙwabta su ji. Idan ya yi ƙasa kuwa, sai ka dira ciki, ka jefo abin da za ka jefo, sannan ka taka sauran dammunan ka fito. To ni ran nan, saboda tsabar basira, damin da nake takawa in fito shi na ɗauka na jefo waje da hannuna. Na yi tsalle, yatsuna suka taɓa baki suka sulɓe. Na sake yi, wandona ya yi wata ƙara.

Na ce, "Asama'u! Ke Asama'u!"

Na ji takun matata ta zo ta tsaya can nesa. "Malam, daga ina kake magana?"

"Daga Makka. Hau tsanin nan ki miƙo min igiya."

"Ni? In leƙa rumbu? Ba kai kake cewa ranar da mace ta leƙa rumbu albarka ta tashi ba?"

"Ai ta riga ta tashi, ke dai hawo!"

"A'a, Malam. Ba za a ce ni na kore ta ba."

Ta ja daminta ta tafi. Ina ciki ina jin sussuka, ina jin shiƙa. Sai da ta gama aikinta tsaf sannan ta aika aka kira Dabo.

Haske ya ɗauke, na ɗaga kai na ga fuskarsa ta toshe bakin rumbun. Ya dube ni, ya dubi daɓen da nake tsaye a kai. Na shirya jin dariya, don da ni na sami wani a haka, da sai an ji labarin har kasuwar Gezawa. Bai yi ba.

Ya ce, "Iliya, abin da ya rage ke nan?"

Na ce, "Ni da shi, eh."

Ya miƙo hannu ɗaya ya zare ni kamar an zare rogo daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Har yau bai taɓa ba kowa labarin ba. Ni ne nake bayarwa, don na fi shi iya faɗa.

Dabo taubashina ne, babansa yayan innata. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma wasan taubasai ya ba ni damar faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma ban taɓa barin damar ta lalace ba. Sana'arsa ginin rumbu. A Tudun Marke, can yamma da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona har babu wurin da zomo zai ɓuya, da wuya ka ga rumbun ƙasa da ba hannunsa ba ne. Yakan kwaɓa laka da ciyawa da ƙafarsa, ya bar ta ta ruɓa, sannan ya riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan, yau ya ɗora, ya tafi ya bar ta ta sha iska, gobe ya dawo. Maganarsa ma haka take. Ka tambaye shi abu da hantsi, amsa sai azahar. Tafin hannunsa kamar faifai. Da idona na ga ya shiga kududdufi ya tallabo jakin da ya maƙale ya fito da shi. Amma ban taɓa ganin ya ɗaga hannun nan a kan ko da akuyar da ta taka masa ɗanyen gini ba. Ɗaukarta yake yi ya ajiye a gefe, ya gyara wurin.

Na taɓa cewa laka ce ta koya masa haƙuri, tun da ɗanyen gini ba ya son duka. Na ji daɗin maganar nan tawa ƙwarai, har na maimaita ta a gabansa. Ya ce, "Laka laka ce, Iliya. Matsa, kana taka min ciyawa."

Yana yi wa kowa gini, har unguwar su Yaro, maƙwabtanmu Kirista da ke ƙetaren rafi, inda mata ke noma gayaunarsu, kowace da ɗan rumbunta. Wata rana da ya dawo daga can ya ce min, "Can mace ta san abin da za ta ci gobe." Na ce mu namu sun san abin da za su ce gobe, ai shi ma sani ne. Ya ci gaba da kwaɓa lakarsa, ni kuwa na ɗauka na ci.

Mu a wajenmu rumbu na maigida ne shi kaɗai. Shi yake hawa, shi yake fito da dami ya miƙa, mace ta sussuke ta daka ta tuƙa, ba ta tambayar nawa ya rage. A shekarar ƙoshi babu wanda abin ya dama. Amma da fari ya maimaita, sai ya zama kowane namiji yana yawo da wani abu a ƙirjinsa wanda ba shi da wanda zai faɗa wa. Ya hau tsani, ya leƙa, ya ga abin da ya rage, ya sauko yana murtuke fuska. Da yamma a kawo tuwo ɗan mitsitsi, sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Sama ta yi masa nisa. Wadda ta kawo kwanon kuwa ga ta a durƙushe a gabansa.

A cikin waɗanda abin ya fi ci har da Kamilu. Da can mai jakuna ne, yakan kai itace birni ya dawo da taki a mangala, mutum mai raha da kyauta. Fari ya ci jakunan, wasu suka mutu, sauran ya rabu da su. Matarsa Rahmatu 'yar wajen Kunci ce, siririya, marar yawan magana, kuma kowa ya san can garinsu abin ya fi namu muni. Sai Kamilu ya fara cewa damin da yake bayarwa bai yi daidai da tuwon da ake kawo masa ba. Wai tana ɗiba tana aika wa iyayenta. Daga magana aka koma abin da ya fi magana.

Gidajenmu dangar kara ce ta raba su. Idan maƙwabci ya yi atishawa kai za ka ce masa yarhamukallahu. Saboda haka bayan la'asar, muna zaune a dakalin masallaci, sai mu ji. Ba kukanta muke ji ba, don ba ta kuka. Ƙarar abin muke ji, da muryarsa yana cewa, "Ina kika kai? Faɗa min ina kika kai!" Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Namiji ba ya shiga gidan wani, haka muka taso muka tarar. Liman ya yi wa'azi a kan haƙƙin iyali, bai kama suna ba, kuma duk masallacin babu wanda ya kai Kamilu ƙarfin amin.

Wata la'asar aka fara. Dabo ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya nufi zauren Kamilu. Muka ce yau za a yi ta. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya mai da hannuwansa baya, ya buɗe maƙogwaro.

"Salamu alaikum!"

Ban san yana da murya haka ba. Kaji suka watse. Cikin gida aka ɗan yi shiru, sannan aka ci gaba.

"Salamu alaikum! Maigida yana nan? Salamu alaikum!"

Bai tsaya ba, bai ƙara ko kalma a kai ba, bai taka ƙafa cikin zauren ba. Sallama kawai, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiran salla da ya ƙi sauka. To wane namiji ne za a yi ta yi wa sallama a ƙofar gida, duk unguwa tana ji, ya ƙi fitowa? Sai ga Kamilu yana haki, ido jawur.

"Wa alaikumus salam. Lafiya?"

"Lafiya lau. Aron gatari na zo."

Kamilu ya tsaya yana kallonsa. Ya koma ya ɗauko gatari. Dabo ya karɓa, ya jujjuya shi, ya yaba ƙotar, ya tambayi maƙerin da ya yi shi, ya tambayi ko maƙerin yana raye. Kafin a gama tarihin gatarin an kira magariba.

Bayan kwana biyu aka sake, Dabo ya je aron lauje. Daga nan igiyar guga. Daga nan galma, a tsakiyar rani. Har mangala ya ara, shi da ba shi da jaki, daga hannun wanda ba shi da jaki. Zauren Dabo ya cika da kayan Kamilu, na ce masa in ya ƙara mako guda sai ya buɗe rumfa a kasuwa mu yi gasa.

Amma mutum ɗaya ba ya zama a gari kullum. A shekarar yunwa babu mai gina rumbu, me za a zuba? Dabo ya koma yawon yaɓen katanga a ƙauyuka don ya sami abin kai wa gida. Ranar da ba ya nan, sai samarin unguwa suka karɓa. Ba shi ya sa su ba, su suka gani suka ɗauka. Su tafi su biyu ko uku su jera a ƙofar Kamilu suna sallama baki ɗaya kamar masu karatu, ya fito su ce an aiko su aron allura. Da Dabo ya ji, ya tara su a gindin marke. Ina wurin. Na zaci zai hana su.

Ya ce, "Hannu a baya. Ba sanda, ba zagi. In ya fito kada wanda ya yi dariya. Ba kunyata shi kuka je yi ba, fito da shi kuka je yi. In ya fito, aikinku ya ƙare."

Wani ya ce, "Baba Dabo, in ya zage mu fa?"

"Ku ce masa na gode, ku karɓi allurar."

Haka aka yi ta yi. Amma sallama tana tsayar da hannu ne na yini guda, ba ta cire abin da ke ɗaga shi. Rani ya yi nisa, tuwo ya ƙara ƙanƙancewa, Kamilu ya gane cewa duk gari ya gane.

Ranar da abin ya fashe Dabo yana gari. Ya je ya tsaya ya yi sallama kamar kullum. Wannan karon ba a bar shi ya maimaita ba. Kamilu ya fito da ƙotar fartanya a hannu, bai amsa sallamar ba, ya ɗaga ya sauke masa a goshi. Ƙarar ta iso har dakali. Jini ya rufe wa Dabo ido ɗaya.

Kafin ka ce me, samari sun zaro itace daga danga sun yo kan Kamilu. Yaran nan yunwa suke ji su ma, kuma sun daɗe suna haɗiye abin nan. Da sun isa gare shi, da sai dai a ɗauke shi a kan ƙyaure.

Abin da Dabo ya yi shi ne abin da ya sa nake rubuta wannan. Ya juya ya zauna daɓas a bakin zauren, ya cika ƙofar da jikinsa. Fuskarsa ga samari, bayansa ga Kamilu. Ƙeyarsa a buɗe, ƙotar tana sama da ita, mai riƙe da ita bai huce ba. Ni da bakina ba ya rufuwa, ranar na neme shi na rasa.

Ya ce da samarin, "Wanda zai taɓa shi sai ya tsallake ni."

Suka ce, "Baba, dubi jini!"

"Nawa ne. Idan kuka dake shi yau, kuka koma gidajenku, a jikin wa zai huce?"

Itatuwan suka fara sauka ɗaya-ɗaya.

Kamilu yana bayansa yana faɗa wa duk mai kunne cewa ɓarauniya yake aure. Ya rantse in Juma'a ta zo ba ta nuna inda take kai hatsinsa ba, za ta koma gidan ubanta, kuma sai kowa ya san abin da ya mai da ita. Kowa ya san me wannan ke nufi. Gidan uban nata babu ko dusa, kuma macen da aka kora da sunan satar abinci a shekarar yunwa babu ƙofar da za ta buɗe mata.

Dabo bai waiwaya ba. Ya ce, "Kamilu, ta taɓa ganin cikin rumbunka?"

"Mace? Cikin rumbu?"

"To gobe da hantsi ka zo ƙofar gidana. Kowa ma ya zo."

Rumbun Dabo a waje yake, bakin hanya, don masu wucewa su ga aikin hannunsa. Babu irinsa a garin, santsi kamar tulu. Da hantsi muka taru, maza a gaba, mata suna leƙe ta saman danga. Kamilu ya tsaya can baya. Dabo ya fito da tsumma ɗaure a goshi, ya sa samari suka kama masa aka sauke jinkar gaba ɗaya, rana ta shiga ciki. Ya jingina tsani. Sannan ya juya wajen gida ya kira matarsa.

"Barira, fito."

Ta fito tana gyara mayafi. Barira mace ce mai jiki da baki, a duk garin ita kaɗai nake tsoron yi wa wasa.

Ya ce, "Hau ki duba."

Baba Muhammadu Sani, wanda ya fi kowa shekaru a wurin, ya buga sandarsa a ƙasa. "Dabo, kana da hankali? Abin da kakanninmu ba su yi ba? Sauran albarkar da ta rage kake so ka kora?"

Dabo ya rusuna ya ce, "Baba, a gafarce ni. In ta tashi, daga rumbuna ta tashi."

Barira ta dube shi, ta dubi tsanin. Ta ɗaure zaninta tamau ta hau, shi yana riƙe mata. Ta kai sama ta leƙa. Ta daɗe a haka. Sannan ta juyo, tana kan tsanin, duk gari yana ƙarƙashinta.

"Malam, wannan ne?"

"Shi ne."

"Wannan ne kake ce min zai kai mu damina?"

"Ƙarya na yi miki."

"Na san ya yi ƙasa, amma ban san ya kai haka ba! Ranar sunan jikan ƙanwarka ka bar ni na dama fura ƙwarya guda ina rabo kamar matar sarki! Baƙi su zo ka ce a ƙara tuwo! Kana kallona ina zubar wa kaji tsaki! Da ka nuna min tun kaka, ai da tuni na san yadda na yi. Wane irin mutum ne kai?"

Ta wanke shi tas, a gaban surukansa da yaran da yake yi wa faɗa. Mutumin da ya ɗauko jaki daga kududdufi yana tsaye riƙe da tsani, kai a ƙasa, yana cewa, "Gaskiyarki." Na sha ganin maza sun yi jarumta, a fagen dambe da bakin rijiya. Ban taɓa ganin mai wuyar wannan ba. Dukan ƙota sau ɗaya ne, ka ɗaure da tsumma. Wannan kuwa shi ya kira taron da kansa.

Da ta gaji, tana nan a saman tsanin ta yanke hukunci. Daga yau tuwo sau ɗaya. Safe kwaɗon rama da tafasa. Dusa ba ta kaji ba ce kuma. Dammunan can na gefe, masu manyan zangarniya, babu mai taɓa su, iri ne. Ta sauko ta wuce cikin gida ba ta dubi kowa ba.

Dabo ya ɗago ya ce, ba da ƙarfi ba, "Jama'a, kun gani. Babu wanda ya sace min. Shekara ce. Na ji kunyar faɗa mata, ita kuwa tana tuƙi a makance." Bai ambaci sunan Kamilu ba. Ya saɓa tsanin a kafaɗa, ya bi ta tsakiyar mutane, ya je ya jingina shi a bangon zauren Kamilu. Ya dawo ya ce samari su kama masa a mai da jinka.

Tsanin nan ya kwana ya wuni a wurin. Kamilu ya fita ya gan shi, ya dawo ya gan shi. Bai jefar ba, bai shigar ba. Akuyoyi suka mai da shi wurin susa. Kafin nan wasu gidajen sun fara abin a ɓoye, don a rijiya mata ba su da zance sai na Barira a kan tsani. Baba Muhammadu Sani bai yarda ba har ya bar duniya, kuma ba shi kaɗai ba. Amma a gidaje da dama an sauke jinka, an yi faɗa, an yi kuka, sannan aka zauna aka yi shawara.

Ranar Juma'a da safe muka wayi gari babu tsanin a waje.

Abin da ya faru a ciki ban gani ba, Asama'u ce ta gani, don Rahmatu ta aika a kira ta ita da Barira su tsaya mata. Ta ce Kamilu ya jingina tsanin ya koma gefe ya juya baya. Rahmatu ta hau a hankali saboda ciwon da ke kafaɗarta. Ta leƙa. Abin da ke ciki ko kaza ba za ta yi murna da shi ba. Ta sauko, ta shiga ɗaki, ta janyo wata tukunya daga ƙarƙashin gado, bakinta a liƙe da laka. Ta ajiye a gabansa ta fasa liƙin. Gero ne, gauraye da toka don kada ƙwari su ci, ƙwaya manya-manya zaɓaɓɓu.

Ta ce, "Ga abin da na sata, Malam."

Ashe tun da damin da yake ba ta ya fara warin daɓe ta gane an kai ƙasan rumbu. Duk sussuka sai ta ware zangarniyar da ta fi kyau ta ɓoye ƙwayarta. Ta san in ta faɗa, ranar da yunwa ta matsa za a tuƙa shi, ruwa ya sauka babu abin shukawa. Shi ya sa ta sha abin da ta sha ba ta buɗe baki ba.

Asama'u ta ce Kamilu ya durƙusa ya miƙa hannu zai ɗauki tukunyar. Rahmatu ta ɗora nata hannun a kan bakinta.

"A'a, Malam. Wannan sai ruwa ya sauka."

Ya dubi hannun nan nata, siriri, da tabon abin da ya yi masa. Ya janye nasa. Asama'u ta ce duk abin da ta gani a ranar, janyewar nan ce ba za ta manta ba.

Juma'a ta wuce Rahmatu tana ɗakinta. Ban ce Kamilu ya zama waliyyi ba. Faɗa bai bari ba, kuma ban ji ya ba Dabo haƙuri a gaban mutane ba. Ya dai zo da kansa ya kwashe gatarinsa da laujensa da mangalarsa, suka daɗe a zaure su biyu, ban san me suka ce ba, duk da na yi iyakar ƙoƙarina a bayan danga. Amma ƙarar nan ta bayan la'asar ba mu sake jin ta ba. Samari suka rasa aikin yi, har wani ya ce min yana kewar aron allura.

Sauran ranin an sha wuya, kada in yi ƙarya. An ci ganyen da da can sai awaki, an ci garin rogo har baki ya tsage. Gidaje da yawa sun cinye irinsu. Da ruwan shuka ya sauka, tukunyar Rahmatu ta shuka gonar mijinta, Rahmatu kuma ta ɗiba da hannunta ta aika wa gidajen da ta ga dama, ba ta shawarci kowa ba. Gidana yana ciki.

Da safen nan duk gari yana gona. Ƙasa tana ƙamshi, ko'ina sai ƙarar sungumi. Gonata tana iyaka da ta Dabo. Yana sara, Barira tana binsa tana zuba iri tana takewa, tana yi masa faɗan ramukansa sun yi nisa da juna. Tabon goshinsa yana sheƙi da gumi. Daga can muna hango Kamilu da Rahmatu su ma a jere. Na ji zuciyata ta cika, ni kuwa in ta cika sai ta fito ta baki.

Na jingina da sungumina na ce, "Kai taubashi, Allah dai ya rufa maka asiri! Ashe ɓarauniyar gaske ka tsaya wa har aka fasa maka kai. Sa'arka ɗaya iri ta ɓoye. Da goro take saye da shi fa? Da ina za ka sa fuskar nan taka mai faci?"

Ya sara rami, ya sara wani. Na ce yau ma sai azahar. Sai ya tsaya ya dube ni da ido biyu.

"Da goro ta saya, da kai ne na farkon zuwa roƙon ɓari. Ni ban tsaya a ƙofar nan don tana da gaskiya ba, Iliya. Bayanta ba masussuka ba ne, da gaskiya ko babu. Kai da kullum sai bakin nan naka ya yi laifi tun safe, wa ya taɓa ɗaukar maka ƙota? Yi shukarka, ƙasa tana bushewa."